Gyaɗar da na ajiye a kan tebur

Shekarun baya, ba mu daɗe da gudowa daga Kolofata ba saboda harin ƴan bindiga, muna haya a ɗaki ɗaya a unguwar Roumdé Adjia. Maigidana mahauci ne, da asuba ya tafi mayanka, sai magariba. Matan gidan Fulatanci suke yi. In na ce "Jam na?" suka amsa, to hirarmu ta ƙare ke nan. Daga ni sai ɗiyata, mai shekara bakwai, tana aji ɗaya a lekol, wato makarantar boko.

Sau biyu malaminsu yana aikowa: yarinya ba ta kallon allo, kullum waige take yi. Maigidana ya ce, "In zangon nan ma haka ne, ta zauna gida ta taya ki aiki. Ba kowane kai ne na boko ba." Amma a gida yarinyar nan takan rera min duk abin da aka koya musu, har da muryar malam.

Wata rana na bi ta, na laɓe jikin taga kamar ɓarauniyar kaji. An zaunar da ita a bencin gaba don gajera ce, ƙofa tana bayanta. Ƙofar ta motsa, ta juya. Babur ya wuce, ta juya. Nan na gane. Tun ranar da muka gudo, ko abinci ba ta ci sai tana ganin ƙofa. Na dawo da abin a cikina. Wa zan gaya wa, da wane baki, ni da aji uku na yi?

Sai aka kira iyaye taro. Wasu baƙi sun zo daga Yaoundé, wai suna zagaya ƙasa suna tambayar abin da ya kamata masana su fara bincike a kai game da karatun yara. Suka jera kwanuka biyar a tebur, kowanne da hotonsa: ƙarancin malamai, littattafai, cunkoson aji, yaren koyarwa, da ƴan mata masu barin lekol. Kowa aka ba shi ƙwayar gyaɗa uku, ya sa inda ya fi damunsa.

Ana ta Faransanci, tafinta yana mayarwa Fulatanci, ni kuwa ko oho. Don tsoro ban san lokacin da na cinye ɗaya ba. Ta biyu na jefa inda matar gabana ta jefa. Ta uku na riƙe har ta jiƙe da gumi. Na duba kwanukan ɗaya bayan ɗaya, babu ɗiyata a ko ɗaya. Sai na ajiye ta a kan tebur, ita kaɗai.

Wani tsoho, dillalin shanu, ya ce da Hausa, "Ke ƴar nan, kwano biyar bai ishe ki ba? Ko taki gyaɗar ta zinariya ce?" Aka yi dariya.

Wata mata cikin baƙin ta matso. Ashe tana ɗan jin Hausa. "Ƴar'uwa, me ya sa nan?"

Na ce, "Madam, ku bincika yaran da suka gudo. Ɗiyata ba daƙiƙiya ba ce. Ƙofa take gadi."

Ta sa na maimaita, ta rubuta, ta fassara wa malamin ɗiyata. Na taka gida ni kaɗai, babu wanda zan ba labari.

Washegari malam ya mayar da ita benci na gefe, bango a bayanta, ƙofa da allo duk a gabanta. Ƙarshen zango ta ci jarrabawa. Maigidana ya juya takardar sakamakon ya ce, "Ashe kaina ta ɗauko." Na ce to.

Har yau ban san ko maganata ta isa Yaoundé ba, ko a jakar matar nan ta tsufa. Abin da na gane shi ne, masu jera kwanuka abin da suka sani suke jerawa, wanda ba su sani ba yana hannun wata mai jin kunyar magana a layin baya.

Ɗiyata yanzu ta girma, ko ina ta samu zama take yi. Ni ce dai har yanzu, ko gidan biki na je, sai na nemi inda zan riƙa ganin ƙofa.