Inci Biyun da Suka Ci Sunan Yaya Sule

Malaman tarihi sun ce yaƙi da yunwa ne ke rushe dauloli. Ni da na koyar da tarihin nan har alli ya cinye mini yatsu, ban ga abin da ke rushe mutum kamar inci biyu ba. Yau shekara arba'in cif da rasuwar wana, Yaya Sule makaniki na Fagge, kuma inci biyu ne suka binne sunansa tun yana numfashi.

Zamanin dalar gyaɗa ne, Turawa ba su tafi ba. Wani ɗan kasuwa, wanda zan kira Alhaji kawai don jikokinsa ba su yi mini komai ba, yana jigilar gyaɗa da a-kori-kura. Sai ya hango wili huɗu, ƙarfen da ake sa wa taya, kwancen motar soja, a shagon Mista Obi mai kayan mota a Sabon Gari. Cikinsu bai kai na asali zurfi ba, don haka in an ɗaura su taya za ta fito waje, motar ta buɗe ƙafa kamar ɗan dambe. Abin da ya burge shi ke nan.

Yaya Sule bai yi boko ba, amma yana da ma'auninsa. Yakan kifa wili, ya gitta katako a bakinsa, ya zura tsinken tsintsiya har ya taɓa inda wilin ke haɗuwa da mota, ya karya tsinken daidai katakon. Ranar na biyo daga makaranta, a gabana ya auna tsoho da sabo, ya jera tsinke biyu a tafin Alhaji.

"Alhaji, dubi ratar nan, inci biyu ce. Boris ɗin da ƙafa ke juyawa a kansa ne zai ɗauke ta, ga buhunanka a kai."

"Kai Sule, ni da motata, kai da tsintsiyarka? Shara na ce ka yi mini?"

"To, ba da hannuna ba."

Alhaji ya kai wa wani ya ɗaura. Ba a yi wata biyu ba boris ya ƙone, ƙafar baya ta fice a hanya, gyaɗa ta watse, awaki suka yi walima. Ba wanda ya mutu. Amma Alhaji ya tsaya a tsakiyar tasha ya ce Sule ne ya ɗaura, bai ɗaure noti ba. An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Tasa ta yi 'ya'ya har da jikoki. Mista Obi ya tako da ƙafa har Fagge ya ce shi ma ya gargaɗi Alhaji, amma wa zai saurari mai shago a kan mai mota? Direbobi suka janye ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ke gane ciwon inji da kunne ya ƙare yana facin keke a bakin titi.

Na ce mu je wurin alƙali. Ya yi murmushi ya ce, "Bari, Malam ƙarami, boris ya riga ya yanke hukunci." Shi ya yafe. Yafiyar tasa ce, ya tafi da abarsa kabari, bai bar mini gadonta ba. Abin da na gada tsinken nan biyu ne, suna cikin ƙamus ɗina har yau.

Alhaji, na san kana raye, ido ya tafi, jikoki ke karanta maka jarida bayan la'asar. Mai karatu, ɗaga murya a nan: Sule bai taɓa notin nan ba. Maimaita masa.

Yanzu nakan tsaya a Titin Ibrahim Taiwo in ga samari a a-kori-kura, tayoyi sun fito waje kamar haƙoran gyado, wai ado ne. Da Yaya Sule zai gani, ba na jin zai yi musu wa'azi. Tsintsiya zai nema.

Me ya rage nasa? Ba gareji, ba hoto. Akwai tsinke biyu, akwai tsofaffin makanikan Fagge da har gobe suke aunawa kafin su ɗaura, akwai kuma ɗansa tilo, Habu, wanda na rena a kan wannan labari tun yana rarrafe. Gaskiya ba ta mutuwa muddin jini ya ɗauke ta.

Jiya Habu ya zo gaishe ni da sabuwar a-kori-kurarsa. Da zai tafi na raka shi da tsohuwar rulata. Tayarsa ta fito waje da inci uku.