Kyamarar da Muka Kai Bauchi Sayarwa

Muna idar da sallar asuba muka nufi tasha, ni da ƙanena, da wata baƙar jaka da ya rungume a ƙirji kamar mai kai jariri rigakafi. Kyamararsa ce a ciki. Shekaru ya yi yana ci da ita a shagonsa na ɗaukar hoto nan Azare, har zamani ya juya, kowa ya zama mai hoto da wayar aljihunsa, shagon ya koma inda samari ke zuwa cajin waya da musun ƙwallo. Sai ya yanke shawarar sayar da ita, ya haɗa da abin da ke hannunsa ya sayi babur ya shiga haya. Wani abokinsa ya haɗa shi da wata mai hoto a Bauchi da ke neman kyamara ta biyu. Ni kuwa an tafi da ni ne a matsayin babba, wato wanda zai zauna a gefe yana gyaran murya idan ciniki ya yi zafi. Makarantar da nake koyarwa na hutu, ba ni da uzurin da zan kawo.

Direba ya zuba mu huɗu a baya, biyu a gaba, bisa wani lissafi da ba mu koyar da shi a aji. Kuɗin mota ya tashi tun zuwana na ƙarshe. Na tambayi dalili aka ce mai. Na ce ai na ji mai ya ɗan sauko, aka ce taya. Daga nan na daina tambaya, don na lura sassan mota suna da yawa, kuma direban ya san su duka.

Damina ta yi albarka bana. Daga Misau har Kari gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa, ko'ina kore shar. A Darazo aka tsaya, muka sha fura da nono mai sanyi, muka riƙo gasasshiyar masara. Bayan Soro duwatsu suka fara bayyana, wasu a ɗore kan wasu kamar da gangan aka jera su. Da a da ne, da tuni ƙanena ya leƙa ta taga da kyamara yana roƙon direba ya rage gudu. Ranar ko zif ɗin jakar bai taɓa ba.

Bauchi ta karɓe mu da faffaɗan titi da shataletale da keke mai ƙafa uku ta ko'ina. Kafin komai na dage sai mun ci masa, domin shiga Bauchi a fita ba a ci masa ba ɓarnar kuɗin mota ne. Aka kawo ta da zafinta, gefenta ya soyu, cikinta laushi kamar auduga, ga miya, ga garin ƙuli da yaji a gefe. Na sha jin mutanen Bauchi suna alfahari da ita ina ɗauka son gida ne. Na janye wannan zato a faranti na biyu.

Shagon matar a Yelwa yake, unguwar ɗalibai, tsakanin mai buga takardu da mai sayar da indomi. Na zaci zan ga katafaren wuri, sai na tarar da ɗaki ɗaya da labule da fitilu biyu, allon ƙofar ma bai fi littafin rajista girma ba. Madam Rifkatu sunanta, mutuniyar kudancin jihar, gajeriya, mai saurin magana da saurin tafiya. Wayarta ba ta huta ba tun da muka zauna. Ta karɓi kyamarar ta jujjuya, ta leƙa gilashin, ta ce an riƙe ta da mutunci. Sannan ta tambayi abin da ya sa zai rabu da ita. Ƙanena ya ce babu kasuwa, kuma ba don bai yi talla ba. Don ya tabbatar mata, ya nuna mata hoton shagonsa a waya, da babban allon da ya kafa a kai, wanda wata amarya ke murmushi a jikinsa tun shekarun baya.

Ta ƙura wa hoton ido. "Oga, wannan wace ce?"

Ya ce bai sani ba, mai buga allon ne ya samo ta a intanet.

"To kai ka ɗauka?"

"A'a."

"Ashe ita kake yi wa talla."

Na yi gyaran muryar da aka zo da ni dominta, amma ba ta da amfani a nan. Gaskiyar magana ba laifin ƙanena ba ne shi kaɗai. A garinmu babu mai yarda a kafa fuskar matarsa ko 'yarsa a bakin titi, shi ya sa masu hoto suke aron fuskokin baƙi daga ƙasashen da ba su san hanyarsu ba. Madam Rifkatu ta ce nan ma haka ne, kuma daidai ne. Ita ba ta taɓa kafa fuskar wata mace a waje ba, ko a waya ba ta ɗora hoton kowa sai ya ce ta ɗora. Muka tambayi to ta yaya ake saninta. Ta ce ba ta sayen kyamara sai ta ga aikinta a rana, kuma yanzu za ta Gwallaga kai saƙo, mu taho. Ta miƙa wa ƙanena kyamarar ta ce shi zai riƙe, tunda hannunsa ta sani.

Gwallaga unguwa ce da ba a tafiya a miƙe. Ka kauce wa babur, ka ba mai baro hanya, ka tsallake kwata, ka amsa sallamar wanda ba ka sani ba. Ƙananan masallatai, shagunan hatsi, maƙera, masu gyaran waya, kowa da abin da yake bugawa. Muka shiga layin teloli, a nan na ga abin da ya kawo ni Bauchi ba tare da na sani ba.

Shagon farko da muka leƙa, a bango saman keken ɗinki, akwai hoto a cikin firam. Telan ne da kansa, da tef a wuya, ya duƙa kan almakashi, haske ya sauka a gefen fuskarsa. In ba ka ga shagon ba sai ka ɗauka wani babban mutum ne a bakin wani babban aiki, kuma da na sake tunani, haka ɗin ne. A ƙasan hoton, da ƙananan haruffa, sunanta da lambarta. Shago na biyu haka, na uku haka. Telan farko, wani matashi mai barkwanci, ya ce tun da aka rataya hoton surukarsa ta daina tambayar ko ya samu aikin gwamnati.

Muna tafe take yi mana bayani, ba tare da ta rage sauri ba. Kyauta take ɗaukar telan, ta wanke, ta sa a firam ta kawo masa. Dalilinta shi ne, duk bikin da za a yi a garin nan, bayan iyayen yara, tela ne farkon sani. Kafin a buga kati, kafin a kama wurin taro, an riga an kawo ɗinkin anko. Kuma wanda ya zo awo ko karɓar ɗinki dole ya zauna jira, tunda ba a taɓa jin telan da ya gama a ranar da ya ce ba. Yana zaune ba abin kallo sai bango. Sai ya tambayi wa ya ɗauki wannan. Haka take yi da masu lalle, su kuma hannayen da suka zana kawai take ɗauka, ba fuska. Kafin mu fita daga layin, teloli biyu sun tsayar da ita, ɗaya da zancen suna, ɗaya da na aure, kowanne yana cewa ya riga ya ba da lambarta, ta sa ido.

Na karanta abubuwa da dama a kan kasuwanci, har na taɓa koyar da shi na zango ɗaya da malamin ya tafi ƙaro karatu. Ban ga laifin littattafan ba, sun faɗi duk wannan da dogon Turanci. Abin da ya burge ni shi ne yadda matar nan ta zauna ta kalli garinta, ta gano ƙofar da labari ke fara fita.

A ƙarshen layin akwai wani zaure da babu hoto a bangonsa. Wani dattijo ne a ciki, Malam Buba, zaune kan buzu da farar shadda a cinya, yana aikin hannu a ƙirjin babbar riga. Madam Rifkatu ta rusuna ta gaishe shi, ya amsa da "'yar nan, kin dawo da injin naki?" Ta gaya mana a hankali cewa manyan rigunan angwaye da iyayen angwaye daga hannunsa suke fita, kuma ta daɗe tana lallaɓarsa ya ƙi. Ya ji ta sarai. Ya ce fuskarsa ba haja ba ce, wanda yake son ganinta ya zo ya yi sallama.

Mu biyu muka juya za mu tafi. Ƙanena bai juya ba. Mutumin da in baƙo ya shigo shagonsa sai ya rasa inda zai sa idonsa, sai ga shi ya cire takalmi ya tsuguna a bakin buzu yana kallon zaren. Ya tambayi tun yaushe ake aikin rigar, aka ce tun kafin ruwa ya sauka. Ya tambayi yaushe za a karɓa, aka ce jibi.

"Baba, in an karɓa kana sake ganinta?"

Dattijon ya tsayar da allura. Ya ce wani lokaci yakan hango ta a masallacin Juma'a a jikin mai ita, daga nesa, in Allah ya sa sahunsu ya zo kusa.

Ƙanena ya ce shi ba fuska yake so ba, rigar yake so ya ɗauka, ta zauna a zauren bayan ta tafi. Sannan Malam Buba ya ce rigar dai, ban da shi. Ƙanena ya roƙi a matso da buzun bakin ƙofa inda haske yake, ya ce a ci gaba da ɗinki kamar ba kowa. Ya durƙusa, ya kwanta a gefe, ya tashi, wandonsa duk ya kwashi ƙasa. Rabon da in ga yana aiki haka har na manta.

Da ya juya bayan kyamarar ya nuna masa, dattijon ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Zanen ya fito zare bayan zare, ga yatsunsa biyu riƙe da allura a gefe. Ya ce an saɓa alkawari, ga hannunsa nan a ciki. Ƙanena ya ce zai iya yankewa. Dattijon ya ce a bar shi, ai rigar ba ita ta ɗinka kanta ba. Sannan ya kafa sharuɗɗa: a yi shi babba, firam ɗin ya zama baƙi, sunan mai hoto kuma a rubuta shi ƙarami, kada ya fi aikin fitowa. Madam Rifkatu ta ce sunan ƙanena za a sa. Ƙanena ya ce a'a, nata za a sa, shi Azare ta yi wa mutanen Gwallaga nisa. Malam Buba ya ce su je waje su daidaita, suna tare masa haske.

Mun koma Yelwa bayan azahar. Ta sa aka kawo mana shinkafa da wake da zoɓo, ta zuba hotunan a kwamfuta ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ce kyamara lafiyarta lau, ta faɗi farashin da ko ni da aka kawo don in yi gardama ban ga abin gardama a ciki ba. Na kalli ƙanena. Yana ta kallon hoton rigar a allon kwamfutar. Can ya ɗago.

"Anti, a ina ake haɗa miki firam ɗin nan?"

Ta yi dariya, ta mayar masa da kyamarar cikin baƙar jakarsa da hannunta, ta ce ta yi asarar kyamara mai kyau. Ta kwatanta mana shagon mai firam, ta ce ya fara da kaɗan, kuma ya fara da telan da ya fi kowa saɓa alkawari, don a shagonsa aka fi daɗewa a zaune. Mace ce da ta san za ta iya samun abin da take so a farashi mai sauƙi daga mutumin da ya karaya, ta zaɓi ta zagaya da shi unguwa tukuna. Ban san sunan wannan a ilimin kasuwanci ba.

Da la'asar muka kama hanya da ƙananan firam a cikin kwali, ni ke riƙe da su a cinya har Azare, ƙafata ta mutu tun daga Darazo. Mun iso gida ana kiran isha.

Ba zan ce muku shagon ya cika ba, don bai cika ba. Zuwa yau da nake rubutun nan, aikin suna ɗaya ya samu ta hannun wani tela, sai wani aure da aka ce a jira bayan kaka. Abin da na koyo a tafiyar shi ne, mai ƙaramar sana'a ba ya rasa masu bukatarsa, yakan rasa sanin inda suke zama ne kafin bukatar ta taso, kuma ba a gano wurin daga kan kujera. Maganar babur dai ba a sake tayar da ita ba. Yanzu in kun je shagon da hantsi za ku tarar da shi a kulle. Ku duba layin teloli na bayan kasuwa, yana can a tsugune a ƙofar wani.