Sujadar Inuwa a Filin Babban Giji

Malam Filibus mutumin Kagoro ne, amma a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi furfura ta same shi. Malamin motsa jiki ne a wata sakandare. Da ya yi ritaya sai ya tattara samarin unguwa ya kafa musu kulob ɗin ƙwallo. Bai ajiye komai ba sai usur da tsohuwar Vespa, amma samarin sun fi shakkar shirunsa a kan faɗan iyayensu.

Cikinsu akwai Inuwa, ɗan Uwani mai ƙosai, wanda ke tuƙa adaidaita sahu da rana, da la'asar ya buga lamba tara. Siriri ne marar magana, amma in ya ja ƙwallo har masu rake kan bar baronsu su leƙo.

Ranar wasan ƙarshe na kofin unguwanni, a Babban Giji, an ci su ɗaya tun kafin hutun rabin lokaci. Ana dab da tashi Inuwa ya farke da ka. Fili ya kaure da ihu. Ya ruga kusurwa ya kai goshi ƙasa kamar yadda ya saba, abokan wasa suka rufe shi. Da suka watse, shi bai ɗago ba. Alƙalin wasa ya nufe shi.

Filibus, yana dariya, ya ɗaga murya ya ce, "Ku ƙyale shi ya gama gode wa Allah."

Aka ƙyale shi. Sai da mai tsaron gida ya dafa kafaɗarsa, ya ɓingire gefe guda. A cikin adaidaitarsa aka kai shi asibiti, amma rai ya riga ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce, kuma ko da an kawo shi da wuri, da wuya.

Wannan "da wuya" ita ta hana Filibus sakat. Bai rufe kulob ɗin ba, amma ko a talabijin ya ga ɗan wasa ya yi sujada, sai ya miƙe tsaye, ba ya zama sai ya ga ya ɗago. Matarsa Ruth takan ce, "Baban Janet, kwana ne ya ƙare." Sai ya gyaɗa kai kawai.

Bayan sadakar arba'in Uwani ta zo gidansa da baƙar leda, takalman ƙwallon Inuwa ne a ciki.

"Malam, ka ba wanda za su yi wa daidai," in ji ta. "Ya ce min kai ne ubansa a fili."

Filibus ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi. "An gaya min abin da ka ce. Ni ma da ina wurin, haka zan ce."

Ya karɓa da hannu biyu. Samari da dama sun gwada takalman, wasu har sun yi musu cif. Kullum sai ya ce su cire, akwai ɗan matsi.