Sau Ɗaya Baba Ya Kira Sunana

Bazarar bana ta cika shekara arba'in da biyar da rasuwar mahaifina, Malam Haru mai sikeli, kuma har yanzu in rana ta fara dukan kwanon ɗaki, iska ta tsaya cak, ni ma zama gagara ta yake yi. In shiga ɗaki in fito, in ɗauki carbi in ajiye, in leƙa randa alhali na san cike take. Jikokina sun ce zafi ne yake taɓa ni, na bar su a kan haka. A bazara ya rasu, a wata bazarar kuma ya yi mini abin da na ƙare rayuwata ina bin mutane su ba ni labarinsa, domin ina wurin amma ban ji ba.

Ni ce 'yarsa ta fari. Matasan yanzu ba za su san nauyin wannan magana ba, su da uba zai saɓa ɗansa na fari a kafaɗa, ya ɗauki hoto ya watsa wa duniya. A gidajenmu kunyar ɗan fari ake ji. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya san da zamansa a gaban mutane. Ta Baba kuwa ta fi ta kowa, don uwarsa Bafulatana ce daga rugagen bayan Guci, a nono ya sha kunya. Ana yaye ni aka kai ni Yekuwa wurin yayarsa, Gwaggo Tabawa. In ya zo gaishe ta, sai ya ajiye ƙullin ƙuli-ƙuli a kan turmi, ya dubi sama ya ce, "A ba yaran gidan." Ni kaɗai ce yarinya a gidan. In dole ta kama shi sai ya ambace ni, sunana a bakinsa "waccan".

A Magarya yake aiki, a wani kamfani mai sayen gyaɗa, shi ne a kan sikeli. Aikin yana da wani gata da manomi bai san shi ba: in ma'aikaci ko matarsa ko 'ya'yansa suka kwanta ciwo, akwai ɗakin magani na kamfani, akwai majo, wato malamin jinya, kuma ba a karɓar ko dala. Abin da yau ake kira inshorar lafiya ke nan, yaranmu kuma su ce asirans. Da za a fara tsarin, an tara ma'aikata a gaban biro, wato ofishin kamfanin, kowa ya miƙe ya faɗi iyalinsa da bakinsa. Baba ya miƙe ya jero ƙannena, ya ƙara da marayu biyu na ƙaninsa, ya zauna. Duk wanda ke wurin ya san akwai ni, amma ba wanda ya tanka. Wa zai sa dattijo ya faɗi sunan 'yarsa ta fari a bainar jama'a? Mai rubutun kuwa baƙo ne, bai san gidan kowa ba.

Ban taɓa ganin wanda ya ci moriyar haƙƙinsa kamar Baba ba, ban kuma ga wanda ya yi wasa da shi kamarsa ba. Da sanyi ya fara janyewa, tun zafi bai kankama ba, sai ya tasa ƙannena a gaba zuwa wurin majo, a duba ido, a duba ciki, a karɓo kinin, yana faɗin rigakafi ya fi magani. Yana da dokokin bazara da ba mai taka su. Yaro ba ya fita rana tsaka ba malafa. Kunun tsamiya ba ya yankewa a gidan. Randa a inuwa take, a naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Barci a tsakar gida ake yi, don shi a ganinsa cunkoson ɗaki ne yake kiran cuta. Har Yekuwa yake aiko da waɗannan dokoki, "saboda yaran gidan".

Bai tsaya kan nasa ba. Ɗan maƙwabci in ya yi zazzaɓi, Baba zai riƙo hannunsa ya kai shi, ya ce nasa ne. In majo ya yi masa wani kallo, sai ya ce ai ɗa na kowa ne. Har majo ya riƙa cewa duk Magarya ba mai haihuwar Malam Haru, kowane mako da sabon ɗa, kuma da haƙoransa yake zuwa duniya.

Ina da shekara tara, cikin shekarun farin nan da ya ƙarar da shanu, sanƙarau ya shigo Yekuwa. Abin da nake iya tunawa kaɗan ne: kaina kamar ana sara shi da gatari, wuyana ya sandare, hasken rana yana soka mini ido. Gwaggo ta kwantar da ni a amalanken shanu, ta jiƙa zane ta lulluɓe ni, aka kama hanyar Magarya. Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba. Duk abin da zan faɗa yanzu a bakin mutane na tsinto shi.

A gidan likita marasa lafiya har gindin itatuwa, cutar ta fi ƙarfin allurar da ke akwai, ana jiran wata daga Damagaram. Inda ta ɗan rage shi ne ɗakin maganin kamfani, ita kuma ta iyalan ma'aikata ce. Gwaggo ta kai ni can, ta aika aka kira Baba daga kan sikeli. Rana tsaka ce, abokan aikinsa sun yi layi a baranda.

Majo ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce, "Malam Haru, yau kam a'a. Allurar nan ba ta da yawa, wannan kuma ba ta cikin 'ya'yanka."

Gwaggo ta ce, "'Yarsa ce. Ni riƙonta kawai nake."

"Inna, kowa haka yake faɗi. Shi zai buɗe baki. Ya ce tasa ce, ya kira sunanta a gaban mutanen nan, yanzu in yi mata."

Ban taɓa ganin laifin majo ba. Mutumin da aka kawo wa 'ya'yan rabin unguwa da sunan gida ɗaya, dole wata rana ya nemi shaida. Alherin Baba ne ya cinye masa yarda a ranar da ya fi bukatarta.

Baba ya juya ya fita. Gwaggo ta ce da ta ga ƙeyarsa sai ta ɗauka ya zaɓi kunyarsa ya bar ni. Ya tsaya a gindin darbejiya, ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Ta bi shi ta ce, "Haru, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ta mutu, a bakin kabarin ma waccan za ka ce?" Sai ya dawo.

Daga nan labari ya rabu, abin da yake hana ni sukuni ke nan. Gwaggo ta rantse da ƙarfi ya faɗa, har 'yan layi suka sunkuyar da kai. Abokinsa Ɗan Waca, direban kamyo, babbar motar kaya, ya ce ba haka aka yi ba, bango ya fuskanta, da ƙyar aka ji. Majo kuwa sai da na zama malamar lakwal, makarantar boko, na yi ta cigiya har na samo shi a Damagaram, ya tsufa, ido ya tafi. Ya ce bai manta ba. Ya ce Baba durƙusawa ya yi a gefena na hagu, ya kai bakinsa kusa da kunnena kamar ba da kowa yake ba, ya ce, "Barira. Barira tawa ce."

Na fi son ta majo, ita nake riƙe da ita. An yi mini allura, Allah ya tashe ni, amma sanƙarau bai tafi hannu banza ba. Kunnena na hagu tun ranar bai sake jin komai ba. Kunnen da ya ji ɗin, shi ne ya mutu da abin da ya ji.

Na ɗauka tunda bakin ya buɗe sau ɗaya, shi ke nan an wuce wurin. Ina! Kunyar ninkuwa ta yi. Abokansa suka sa shi gaba da tsokana, in ya hango ni tafe sai ya tuna yana da saƙo a kasuwa. Na ji haushi, kuma ba zan ɓoye wa masu karatu ba, har yau da sauransa. Wace irin al'ada ce za ta sa uba ya tsaya yana juya hula alhali 'yarsa tana shure-shuren mutuwa? Amma da na tashi zagin al'adar sai in tuna Gwaggo, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, kuma wannan kunyar ce ta ba ta 'ya, ni kuma ta ba ni uwa ta biyu. Sai in tashi in sake leƙa randa.

Baba shi kansa fa? Ƙurar gyaɗa ta sa masa tari, shekara da shekaru yana fama. Mutumin da ya kai 'ya'yan mutane wurin majo ba adadi, bai taɓa zama a kan bencin majo don kansa ba. In an yi masa magana ya ce magani na yara ne, tari kuwa ai rigar mai sikeli ce. Yana da kwanje, hutunsa na shekara, amma bai taɓa hutawa da shi ba, damina yake jira ya ƙarar da shi a gona. Sannan gyaɗa ta lalace, kamfani ya sallami mutane, gatan ya tafi tare da aikin. Ranar da ya yarda a duba ƙirjinsa, ƙofar da ya yi shekaru yana tura wasu ciki ta riga ta rufe masa. Da na sani ƙeya ce, kuma mu ya bar wa ita.

Da ciwon ya kwantar da shi, ina 'yar shekara goma sha shida, na taho daga makaranta cikin wata irin rana mai narka mutum. Na zauna kusa da tabarmarsa, na juya yadda kunnena na dama zai fuskance shi. Kowa a ɗakin ya san abin da nake jira. Ya buɗe ido ya dube ni, ya daɗe yana kallona, leɓensa ya motsa. Sai ya juya wajen mahaifiyata ya ce, "A ba waccan ruwa, ta sha rana." Bai ƙara wata doguwar magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai yi murna da allurar rigakafin sanƙarau da ake bin yara da ita har ƙauye, zai fi kowa sammakon layi. Katin asirans mai hoto kuwa zai ɓata masa rai, don ya kashe masa sana'ar haihuwar 'ya'yan maƙwabta. Zai tambaya me ya sa har yanzu manomin Yekuwa da makiyayin Dungas ba su da wannan gata. Amma abin da zai fi ba shi mamaki shi ne masu gatan kansu. Ma'aikaci da katinsa a aljihu, an ce ya je a auna jininsa kyauta, a duba idonsa, a duba haƙoran yaransa, sai ya yi ta cewa gobe har shekara ta juyo. Zafi ya zo, ya wuni a kan babur ba hula, ya kwankwaɗi ruwan ƙanƙara ya ce ya yi maganin rana. Zai yi musu faɗa sosai, ni kuma in ce, Baba, wa suka gado? Ku masu aiki, ku je tun ƙofar tana buɗe, ku kai iyali, ku kuma zauna a kan bencin da kanku. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ba da nisa nake wannan wa'azi ba. Ɗana na fari yana aiki a Damagaram, yana da katin, yana kai matarsa da yaransa a kan kari. Shi kuwa wata da watanni yana fama da jiri da ciwon kai, in an yi magana ya ce gajiya ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sunan Baba aka sa masa, don haka kunya biyu ta haɗu a kansa, tun da na haife shi Abba nake ce masa. Na aika ƙannensa, na aika matarsa, na yi faɗa, duk a banza.

Makon jiya, bayan azahar, zafi ya hana kowa motsi, na shiga na fita har na gaji. Sai na ɗauki waya na kira shi. Da ya ɗauka na ce, "Haru."

Ya ce, "Na'am. Inna, lafiya? Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba wanda ya rasu, kuma ba na so a rasu. Gobe ka ɗauki katin nan ka je likita."

Washegari ya je. Jininsa ne ya hau, an ɗora shi a kan magani.

To, me ya rage na Malam Haru? Sikelin ya yi tsatsa, kamfanin babu shi, darbejiyar ma an sare ta. Akwai dattawa a Magarya masu jikoki, waɗanda ba su san cewa sun taɓa zama 'ya'yansa na yini ɗaya ba. Akwai randa a inuwa a gidan kowane ɗansa. Akwai ni, da kunne ɗaya da rai cikakke, wanda ya saya mini da abin da ya fi komai tsada a wurinsa. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi kamar yadda ya ce a shayar da ni.

Da na ajiye wayar nan, abin da ya tsaya mini a rai shi ne na'am ɗin Abba. Na yi shekaru ina ƙorafin ban ji kiran ba, ban taɓa tunanin shi ma mai kiran bai ji amsa ba. Sau ɗaya ya kira ni a duniya, ya durƙusa a gaban abokansa ya kira, aka bar shi da shiru.

Na'am, Baba.