Takwarar Bajamushe

A shekarun da nake tuƙa motar kamfanin haƙar kuza a duwatsun bayan Doguwa, aka kawo mana wani Bature mai gyaran injinan jan ruwa. Yaƙin duniya bai daɗe da ƙarewa ba, kuma Turawan Ingila ke mulki, don haka da aka ce wannan Bajamushe ne, leburori suka ajiye diga suka zo kallo. Mun sha jin labarin Jamus a bakin tsofaffin sojoji, mun zaci za mu ga ƙato mai jan ido. Sai ga wani siririn mutum mai sanƙo, rana ta dafa masa wuya ya yi ja kamar tattasai, in ya ga tsaka a bango sai ya ɗage ƙafafunsa sama.

Ni aka haɗa da shi, saboda na ɗan taɓa elementare a garinmu Tudun Wada, ina da Turancin da bai fi cikin cokali ba. Nasa Turancin ma na aro ne, don haka muka haɗu a tsakiya, muna cike gurbi da Hausa da nuni da hannu. Yana kirana Direba, ina kiransa Maigida. Turawan Ingila ba su cika jansa a jiki ba, sai ya zama ni ne abokin hirarsa.

Matsalarsa ta farko sunansa. Ba zan rubuta shi a nan ba, don ko na so haruffanmu ba za su ɗauke shi ba. Yana farawa kamar mai korar kaji daga shanya, ya ƙare kamar wanda ƙayar kifi ta maƙale wa. Kowa ya gwada ya haƙura, aka koma ce masa Bajamushe kawai. Wannan yana ƙona masa rai ƙwarai. Sai ya tsayar da mutum a rana tsaka, ya buɗe baki ya nuna masa inda harshe zai zauna, mutumin ya gwada, tofi ya fito, suna bai fito ba.

Wata rana da damina muna dawowa daga Doguwa, muka tarar rafi ya kawo, dole muka kashe mota muka zauna jiran ruwa ya janye. Na sayo mana gasasshiyar masara wajen wasu mata da su ma ruwan ya tsare. Muna ci na ce, "Maigida, wai shin sunan nan naka yana da ma'ana, ko dai haka kawai aka ɗora maka don a wahalar da mutane?"

Ya yi ta juya masara a hannunsa. Can ya ce, "In na faɗa ba za ka yi dariya ba?"

Na ce, "Haba Maigida, ni yaro ne?"

Ya ce, "Ƙafar akuya."

Masarar da ke bakina ta bi ta hanci. Matan nan suka taso suna mini sannu suna bubbuga mini baya, shi kuwa ya kawar da kai yana kallon ruwa. Da na dawo hayyacina na ce ya yi mini bayani, wane uba ne zai yanka rago ya sa wa ɗansa ƙafar akuya?

Ya ce ba ubansa ne ya sa masa ba. A ƙasarsu kowane gida yana da suna guda da ake gada kamar gona, daga kaka zuwa jika, ko ana so ko ba a so. Nasu ya samo asali daga wani kakansu na can da, wanda ba wanda ya san kabarinsa. Wasu sun ce mahauci ne, wasu sun ce masaukin baƙi gare shi da aka zana ƙafar akuya a ƙofarsa. Amma shi abin da ya fi yarda da shi, mutumin gwanin hawan dutse ne, inda akuya ta taka nan yake takawa. Na dubi ƙafafunsa da suka fito daga gajeren wando kamar karan dawa, na gane asalin sunan ba tare da an faɗa mini ba, amma na kame bakina.

Abin ya ba ni mamaki. Mu ma muna da laƙabi iri-iri, akwai wanda muke ce wa Kan Tulu a unguwarmu, amma ranar da aka binne shi aka binne sunan. Su kuwa tsokanar da wasu 'yan zaman kashe wando suka yi wa mutum ɗaya, ita zuriyarsa ke ɗauke da ita har kan takardar aiki.

Daga nan muryarsa ta sauya. Ya ce dama can masu sunan ba su da yawa, duk daga ƙauye ɗaya suka fito. 'Yan'uwansa maza sun tafi yaƙi ba su dawo ba. Yanzu daga shi sai wata tsohuwar goggonsa da ba ta taɓa aure ba, shi kuma ga shi gwauro, gashi ya ƙare, ba macen da ta nuna tana marmarin zama matar ƙafar akuya. In ya mutu, shi ke nan.

Tausayi ya kama ni. A lokacin matata tana da tsohon ciki, na fari, zancen da ba zan iya yi gaban kowa a garinmu ba don kunya, amma wa ke jin kunyar Bature? Na ce, "Kada ka damu, Maigida. In Allah ya sauki iyalina lafiya ka yi takwara."

Irin maganar nan ce da muke yi wa juna don daɗin baki, mai faɗa ya san iska ce, mai ji ma ya sani. Ashe Bajamushe bai san iska ba. Ya miƙe tsaye, ya goge hannunsa a wando, ya kama nawa ya girgiza har kafaɗata ta amsa.

Da aka aiko mini daga gida cewa an haihu, kuma mace ce, na yi hamdala sau biyu. Na same shi a ƙarƙashin inji na ce, "Maigida, Allah bai nufa ba, mace aka samu." Ya leƙo da baƙin mai a goshi ya ce ai wannan suna ba ruwansa da namiji ko mace, goggonsa ma shi take amsawa. Ya tambayi ranar suna.

Dole na tafi gida na durƙusa gaban mahaifina, don shi ke da ikon zaɓen suna, ba ni ba. Baba manomi ne, mai ƙarancin magana da yawan harara. Na yi ta kewaye-kewaye har ya ce, "Kai, in magana ce da kai ka yi, rana tana yi." Na faɗa. Ya ce in maimaita sunan. Na maimaita iyakar iyawata. Ya ce, "Mura kake yi?" Na ce sunan ke nan. Ya tambayi ma'anarsa, na faɗa masa, har da zancen kakan nan gwanin hawan dutse.

Baba ya ce, "Hawan dutse? Kai aka yi wa wannan ƙaryar ka hau ka zauna. Akuya ya sata, aka kama shi da ƙafar a hannu." Ya gyara zama. "Suna linzami ne. Jikata ta fari, da zan mayar wa sunan mahaifiyata, ita za ka kira ƙafar akuya? Tashi ka ba ni wuri."

Ban kai ga tashi ba muka ji ƙugin mota a ƙofar gida. Bajamushe ne, ya tuƙo kansa tun daga duwatsu, yara na biye da shi. A bayan motar ga wani rago fari ƙato da ya sayo wajen Fulani, ga turamen atamfa, ga sukari. Wani ya gaya masa cewa haka mai takwara ke yi. Ya cire hularsa, ya durƙusa a gaban Baba har gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ce, "Ranka ya daɗe, Baba, barka da haifuwa, na gode, na gode." Ba a korar baƙon da ya durƙusa, balle wanda ya zo da rago. Baba ya amsa gaisuwa yana hararata ta gefen ido.

Innata ce ta raba gardamar. Ta leƙo ta zana ta ƙare wa ragon kallo, sannan ta aika a kira Baba cikin gida, ni ma na bi. Ta ce, "Malam, me ye abin tada jijiyar wuya? Sunan yanka naka ne da liman, ba mai taɓa shi. Amma in ka sa mata sunan mahaifiyarka, wa zai iya kiranta da shi a gidan nan? Kai ba ka iyawa, ni ba na iyawa, uwarta da ubanta dama ba sa faɗin sunan 'yar fari. Dole sai an nemo abin kira. To ga shi Allah ya kawo har ƙofar gida, da ragonsa."

Baba ya ce, "Ƙafar akuya fa!"

Inna ta ce, "Da Jamusanci. Wa ya sani in ba wannan sarkin surutun ya faɗa ba?" Ta nuna ni. Abin da ba ta sani ba, matan da muka ci masararsu a bakin rafi sun riga sun kai labarin kasuwa.

Ranar suna, bisa al'ada uban ɗan fari ɓuya yake yi gidan aboki. Ni ban samu wannan gatan ba, tunda ba mai yi wa baƙo tafinta sai ni. Na zauna kusa da shi kan tabarma, kaina a ƙasa, abokaina suna ta yi mini gwalo. Aka raba goro, liman ya yi addu'a, Baba ya raɗa masa suna, aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar. Sai ga saƙo daga cikin gida, wai Inna ta ce a sanar da na Bature ma.

Maroƙin nan tsoho ne da ya yi wa hakimai kirari, bai taɓa jin sunan da ya gagare shi ba. Ya sunkuyo, Bajamushe ya faɗa masa a kunne. Ya miƙe, ya cika ƙirji da iska, ya saki. Abin da ya fito ya sa wani dattijo mai nauyin ji a gefe ya ce, "Yarhamukallahu," don ya ɗauka atishawa aka yi. Wurin ya kece da dariya, liman ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa, har Baba sai da haƙorinsa ya fito.

Na juya don in ba Maigida haƙuri, sai na ga hawaye na bin kumatunsa. Shi bai ji dariyar ba. Ya ji an kira sunan gidansu a gaban jama'a, a kan jaririya. Ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, ya ninke abinsa ya mayar aljihu. Wannan adana majinar ita mutanen garinmu suka fi daɗewa suna zance, fiye da ragon.

Mata suka karɓi sunan suka sassaƙe shi. Suka yar da kan, suka datse wutsiyar, suka sa masa ɗan wasali a ƙarshe, ya koma wani abu mai daɗin kira, kamar sunan tsuntsu. Da shi kowa ke kiran yarinyar. Baba ne kaɗai ya ƙi, ya ce shi Uwata zai riƙa cewa, amma da ta fara rarrafe tana cinye masa goro, sai na ji yana ce mata Akuyata. Sunan kuma ya yi ƙafa. Wata da ta zo biki ta tafi da shi Kiru ta sa wa jikarta, daga can ya ɓulla Bebeji, har wata atamfa mai zanen kofato aka laƙaba wa. Duk lokacin da na kawo wa Maigida labarin wata sabuwar mai sunan, sai ya yi ta murza hannu yana cewa zai gaya wa goggonsa. Labarin jakin wani mai itace da aka laƙaba wa sunan ne kawai ban kai masa ba.

Ita kuwa takwarar tasa ba ta san ana yi ba. Ƙiwuya gare ta ta fitar hankali, kuma duk duniya ba wanda take tsoro kamarsa. Yakan zo ranar hutu da alewa da ɗan takalmi, da ta hango jan wuyan nan sai ta ƙwalla ƙara ta shige bayan zanin Inna. Sai ya zauna daga nesa kan turmi yana kallonta tana shan alewarsa tana harararsa. Har aikinsa ya ƙare bayan 'yan shekaru, ba ta taɓa yarda ya ɗauke ta ba.

Ni na kai shi tashar jirgin ƙasa a Kano. Da muka wuce Bebeji sai ya ce, "Direba, akwai abin da ke damuna. In ta yi aure, sunan ya tafi ke nan. A wajenmu mace sunan mijinta take ɗauka."

Na ce, "Wane miji? A nan mace da sunanta take shiga ɗaki, da shi take fita in ta ga dama. Ko sarki ta aura, tsofaffin garinmu da wannan za su kira ta har ta yi furfura."

Ya ce, "Da gaske?"

Na ce, "Ai mu ba ma ƙwace wa mace suna, Maigida. Wahalar aure ma ta ishe ta."

Ya yi dariya har da buga gwiwa, ya ce wannan al'ada ta fi tasu hankali. Sai ya sa na tsaya a bakin hanya wajen wani mai tsire, ya saya mana, muka ci a tsaye, yaji na sa shi hawaye yana ƙara barbaɗawa. Saura kaɗan jirgin ya tafi ya bar shi.