Gumaguman Bagaruwa na Warshar Yaya Abakar

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Abakar. A ƙauyenmu da ke kudu da Wad Madani, in an ambace shi sai a ce ajali ne, a shafa fatiha, a koma zancen auduga. Ni ma na san ajali ne. Amma har yau in na ji ana saran nama a kan itace sai in tashi in bar wurin. A gida ba mai yarda a ɗauko maganar, shi ya sa na kawo ta nan.

Yaya ya daɗe a Madani yana koyon gyaran mota a hannun wani usta, wato babban makaniki. Ya dawo gida shekarar da nake ajin ƙarshe na sanawi, wato sakandare, ya ce tunda Baba ya rasu bai kamata a bar Inna da mu biyu, ni da ƙanena Musa, ba babban namiji a gida. Ya ce zai buɗe warsha, wato wurin gyara, a cikin gidanmu, don masu motocin ƙauyukanmu su daina jan mota har garin Hajj Abdalla saboda ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Ina tuna yadda ya kafa ta. Ya kwashe awakin Inna daga lungun da ke ƙarƙashin darbejiya, ya fasa katanga ya yi ƙofa mai faɗi, ya ɗora rumfar kwano. Ya tsaga ganga biyu don wanke kayan inji. Ya sayo injin iska na hannu, da jak ɗin ɗaga mota wanda mu nan muke kira afrita. Sannan ya kafa babban katako a bango, ya bubbuga ƙusoshi, ya rataye sifanoni, ya ba ni fenti ya ce in zagaye kowace da zane, don in an ɗauke ta a ga gurbinta.

Yana da dalili. A wurinmu in biki ko rasuwa ta taso, kayan gidan kowa na kowa ne. Tabarma, tukunya, gadon igiya, turmi, sai a shigo a ɗauka, a gaya wa wanda aka tarar, in ba a tarar da kowa ba a gaya wa Allah. Wanda ya hana kuwa ya shiga bakin duniya.

"Ke Amna, zana da kyau," in ji shi. "Mutanenmu ba su sata, aro su kai. Sai dai aron nasu ba shi da ranar komowa."

Ya so ya haƙa rami na shiga ƙarƙashin mota, amma ya fasa. Ƙasar yankinmu na Jazira laka ce, da rani ta tsattsage har ƙafar yaro ta shige, da damina ta kumbura ta rushe abin da aka gina a cikinta. Ya ce sai bayan an cire auduga zai zuba siminti. Kafin nan ya je bakin kogi ya sa aka yanko masa gumaguman bagaruwa huɗu, aka kawo su a keken jaki. Ya daidaita gindinsu, ya sassaƙa ɗan kwarmi a kan kowanne, inda ƙarfen mota zai zauna. Dokarsa ita ce ba ya sa kansa ƙarƙashin mota sai ta hau kansu. Yakan ce afrita ɗagawa kawai take yi, riƙewa aikin itace ne. Su kaɗai ne ban zana wa gurbi ba. Wa zai yi tunanin za a ari gungume?

Ranar da abin ya faru ana bikin 'yar Kawu Adam, ƙanen Inna. An yanka sa tun da safe. Motar Kawu, boksi ce irin akori-kura, ita za ta je Hajj Abdalla ɗauko ƙanƙara da kujeru, sai wani abu ya karye mata a ƙasa. Aka turo ta warsha da hantsi, Yaya bai jima da dawowa daga gona ba. Ni ina gidan biki muna yanka albasa na ji ihun Inna. Ƙafar afrita ce ta zame cikin tsagar ƙasa, Yaya yana ƙarƙashin motar. Ba zan rubuta abin da na gani ba.

Naman biki ya koma abincin masu ta'aziyya. Mata suka kwaso tukwane daga gidan Kawu zuwa namu, kuma tare da tukwanen sai ga gumaguman nan an shigo da su, an jera a tsakar gida, an ci gaba da sara a kansu. Na gane su da kwarmin da ya sassaƙa. Duk sun sha wuƙa, kitse ya cika kwarmin. Na yi ta nuna su ina kuka, mata suka ɗauka zafin mutuwa ne, aka ja ni ɗaki.

Tun daga nan ban sake kallon mutanenmu yadda nake kallonsu ba. Na tambayi mahaucin, ya ce shi a can ya tarar da su. Matar Kawu ta ce samari ne suka kawo, amma ba ta tuna waɗanne ba. Maƙwabciyarmu ta raɗa min cewa ta ji Kawu ta kan katanga yana cewa, "Abakar, ɗan leƙawa dai za ka yi, baƙi na bisa hanya." Da na durƙusa na tambayi Kawu, sai ya ɗaure fuska.

"Ke ɗiyar ga, mi kika nema? Ki tashe shi za ki yi?"

Ban ce wani ya nufi Yaya da sharri ba. Amma gungumen bagaruwa ba a sa shi a aljihu. Sai an kawo keke, an ɗora, an fita da shi ta ƙofarmu da safe, ido na ganin ido. Ƙauye guda ya ci naman da aka sara a kansu, amma an rasa mutum ɗaya da ya ga an ɗauka. Ina gaida kowa yadda aka koya min, ina kuma kallon hannuwansu. Akwai kuma tambayar da na shekara biyar ina kauce mata: da safen nan Yaya yana gona, ni da Musa muna gidan biki. Mutum ɗaya ne ya rage a gida.

Nakan ce da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, ta cika hanyoyinmu, kuma na san zai so ta, don mutum biyu suna iya kishingiɗa ta a gyara ba tare da kowa ya shiga ƙasa ba. Samari yanzu a waya suke kallon yadda ake kwance inji, zai yi musu dariya ya ce waya ba ta jin ƙarar mota. Abin da ban sani ba shi ne ko zai yi murna ko zai tsorata in ya ga Musa. Domin Musa ya gama koyon aikin a garin Managil, kuma bana ya share warshar, ya ce zai buɗe.

Ya zo da wasu ƙafafun ƙarfe sirara da ya saya a Madani, ya gwada su bai gamsu ba, ya je bayan madafa ya jawo gumaguman Yaya. Ranar Kawu ya zo sa albarka, ya ce boksinsa ce za ta fara shiga. Wannan boksin dai. Na juya ga Musa. Na ce masa ba zai buɗe ba sai an zuba siminti, kuma sai an ɗaure gumaguman nan.

"Siminti na yarda, Yaya Amna," ya ce. "Amma a ɗaure itace kamar jaki? Gobe in ana suna a gidan wani ya zo aro, mi za mu ce? Sai a sa mu a waƙa."

Inna tana gefe tana tsince kuɓewa, tana jinmu.

Ranar kasuwa ta gaba ta yafa mayafi ta hau motar zuwa Hajj Abdalla, ita da ba ta taka kasuwa ba tun rasuwar. Da ta dawo ta sauke kwandonta a gaban Musa, ta ɗaga tumatir da albasa, ta zaro doguwar sarƙa da kwaɗo.

"Huda su ka zura, ka ɗaure a jikin darbejiya," ta ce. "Mabuɗin kuma kada ka bar shi wurina. Ko na roƙe ka, ko ɗan'uwana ya tsaya a kaina, kada ka ba ni."

Na dube ta, ita kuma ta dubi kwandon. Ban tambaye ta ba, kuma ina jin ba zan tambaya ba. Tsorona bai tafi ba. Duk lokacin da Musa ya kwanta ƙarƙashin mota nakan bar abin da nake yi in tsaya bakin rumfa har ya fito.

Abin da ya rage na Yaya ba shi da yawa. Katakon nan yana nan, zanena ya koɗe, gurbin sifana biyu babu komai a ciki tun ranar ta'aziyya. Sai dokarsa, wadda ya karya sau ɗaya saboda kunyar kawunsa. Makon jiya wata dattijuwa ta shigo aron gungume, za a yi suna a gidansu. Inna ta nuna mata sarƙar ta ce a ɗaure suke, kuma ba ita ke da mabuɗi ba. Matar ta fita tana cewa gidan nan ya zama gidan 'yan birni. Inna ta raka ta har ƙofa, ta dawo ta zauna a kan ɗaya daga cikinsu, ta daɗe tana shafa sawun wuƙaƙen da tafin hannunta.

Allah Ya jiƙan Yaya Abakar, Ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi, Ya fito min da Musa lafiya duk lokacin da ya shiga.