Tsiren da ya ƙi gasuwa a kwamfuta

Na fi shekara ashirin ina gashin tsire a Daura, ƙasa kaɗan da rijiyar Kusugu, kuma ban taɓa ɗora nama a kan wuta ba. Masu raga da rabin duro su ke wannan. Ni tukuba gare ni: tudun ƙasa da toka, wuta a tsakiya, tsinkaye a soke kewaye da ita. Gwiwa ta gaji, ido ya gaji da hayaƙi, ba kasafai abu ke ba ni dariya ba yanzu. Sai wannan na bara.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, malamin kimiyya a wata sakandare a Baure. Tun muna yara kowa ke ce wa ɗan'uwansa bawa, har yau ba a raba gardamar ba. Wata Asabar bayan la'asar sai ga shi da kwamfuta a jaka.

"Bawana, wanke hannu ka zo ka ga aikin masu ilimi."

"Bawan wa? Matsa can, kada hayaƙi ya ɓata maka farar riga."

Wasan kwamfuta ne ya ƙirƙira da kansa. Ka zuba yashi da yatsa, ka zuba ruwa, ka kunna wuta, komai ya yi halinsa. Ruwa ya kashe wuta, itace ya ci, tukunya ta tafasa. Shekara biyu yana fama da shi, saura kwana goma ya nuna shi a taron malaman kimiyya a Katsina. In sun karɓa, ya shiga makarantu. In sun ƙi, shi ke nan.

Na ce ya yi mini tukuba. Ya zana wuta, ya jera jajayen abubuwa a gefenta, wai nama. Muka zuba ido. Shiru. Na sallami mutum biyu na dawo, nama na nan ja wur. Da ya ɗaga shi sama da wutar sai ya gasu, da ya jingina shi da ita sai ya ƙone.

Na ce, "Wutarka ƙarya ce."

Ya fara yi mini karatu, wai zafi na bin abin da ya taɓa, yana kuma bin iska ya yi sama. Ban bari ya gama ba. Na cafki hannunsa na riƙe a gefen tukubata, daidai inda tsinke ke tsayawa.

"Wayyo! Sake ni, mugu!"

"Ka taɓa wuta?"

"A'a!"

"Kana samanta?"

"A'a, sake ni!"

"To me ya cije ka, Malam?"

Ya zauna yana hura yatsu. Can ya ce abin yana cikin littafi, hanya ce ta uku, irin yadda zafin rana ke iso mu, duk shekara yana koya wa ɗalibai. A wasan ne ya tsallake ta don tana da wuya, yana ganin ba mai lura. Yanzu tunda mai tsire ya gano, tsofaffin malaman Katsina ba za su bar shi ba.

Ran Talata ya dawo yana washe baki, wai ya gyara, yanzu zafi na fita ta ko'ina kamar haske. Ya kunna wuta 'yar mitsitsiya. Wallahi kafin in ƙifta ido bishiyar da ke can ƙarshen hoton ta kama, tafki ya tafasa, nama ya zama gawayi. Dariya ta kayar da ni a benci, har da hawaye. Da na samu numfashi na ciro tsinke ɗaya na matsar da shi baya da taƙi guda. Na ce ya duba da kyau, taƙi ɗayan nan shi ne tsakanin tsire da ɗanyen nama.

Ran Alhamis nisa ya daidaita, amma naman yana gasuwa ciki da baya lokaci ɗaya, zafi kuma yana ratsa katanga kamar aljani. Na ɗauki faifai na kare masa fuska daga wutar.

"Ka ji sanyi?"

"Na ji."

"Zafin nan inuwa gare shi. Fuskar da ke kallon wuta ita kaɗai ke gasuwa. Kana tsammanin don nishaɗi nake juya tsinke tun ina saurayi?"

Ya yi tsalle har hularsa ta faɗa cikin kwanon yaji. Haka ya maida ta kai ya hau babur yana atishawa.

Ana gobe taro ya zo, ido ja. Ya kunna wutar a kwamfutar, ya soke tsinkaye. A hankali fuskar da ke kallon wuta ta fara yin ƙasa-ƙasa, bayan kuwa ja. Na kwarma ihu har mai shayin da ke kusa ya taho da gudu, ya ɗauka gobara ce. Ni da furfurata ina rawa a gaban tukuba, ina cewa, "Bayansa ɗanye ne! Ku zo ku gani, ɗanye ne!" Ya nuna mini wani wuri da ya sa, in an taɓa sai tsinke ya juya. Na taɓa, ya juya. Na gasa shida a jere, ko ɗaya bai ƙone ba, ga masu sayen na gaske sun yi tsaye suna kallona.

Washegari da azahar ya kira ni daga Katsina, hayaniya ta cika wayar. Ya ce sun karɓa, amma malamai sun yi layi a kan tukubar wasan sun hana a ci gaba da taro. Wani babba a cikinsu ya ƙona tsinke huɗu, yana ta faɗa wai wasan ne ke da matsala.

"Bawana, me zan ce masa?"

Na ce, "Ce masa ya ja tsinken baya taƙi ɗaya, ya kuma daina surutu in yana gashi. Ba shi wayar ma, ni zan faɗa masa."